Yumɓun da ake ɗura wa rami bayan an gama haƙa

Masu son a kafa musu na'urar ɗumama gini da sanyaya shi da zafin ƙasa, tambayoyinsu ba sa wuce uku: mita nawa za a haƙa, wace na'ura za a saya, wuta nawa za ta riƙa ci. Ba laifi, tambayoyi ne masu kyau. Sai dai ni da aikina shi ne tsayuwa a bakin rami har a tashi, hankalina ya fi karkata ga buhunan yumɓun nan da ake jibgewa a gefe, waɗanda mai gini ko kallo ba su ishe shi ba. Na'ura in ta mutu a kwance ta a ɗaura wata. Kwaɓin da aka ɗura wa rami mai zurfin mita 120 kuwa ya tafi ke nan, babu mai sake ganinsa, kuma shi zai zauna da bututun shekara hamsin ko fiye.

Ga wanda bai san tsarin ba, ga shi a gurguje. Da zarar an wuce mita 10 zuwa 15 a cikin ƙasa, zafin wurin ba ruwansa da abin da ake fama da shi a sama, kusan ɗaya yake duk shekara, sai ɗan ƙarin digiri 3 ko kusa da haka a kowace mita 100. To, sai a haƙa rami irin na rijiyar burtsatse, faɗinsa santimita 12 zuwa 15, zurfinsa daga mita 50 har 200, a zura bututun baƙar roba mai ƙwari da ake kira HDPE, wanda ya sauka ya lanƙwasa ya dawo sama. Ruwa ne ke zagayawa a cikinsa. In ana sanyi ya kwaso ɗumin ƙasa ya kai wa na'ura, in ana zafi ya kwashi na ɗaki ya kai ƙasa ya sauke. Ba a ɗiban ruwan ƙasa ko ɗigo, zafi kawai ake musaya. Da ma'auni ɗaya na lantarki na'urar kan samar da uku ko huɗu na zafi, abin da ya sa kwalliya ke biyan kuɗin sabulu ke nan.

Amma bututu biyun nan, mai sauka da mai dawowa, masu kaurin milimita 32, ba za su cika rami mai faɗin milimita 150 ba. Duk sauran filin fanko ne. Shi ake cikewa da kwaɓi, kuma ayyuka biyu aka ɗora wa kwaɓin nan waɗanda ba sa ga maciji da juna: ya tare ruwa, ya kuma bar zafi ya wuce. Abin da ya ƙware a na farko yawanci rago ne a na biyu.

Na farkon ne ya fi muhimmanci a wurina, kuma shi ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Ruwan ƙasa hawa-hawa yake. Na sama yana kusa da mutane, duk abin da aka zubar yana iya isa gare shi: takin zamani, baƙin mai, tsiyayar masai. Na ƙasa ya tsira ne saboda akwai shimfiɗar laka ko dutse marar ƙofa da ta raba su tun kafin a haifi kakannin kowa. Ranar da bakin injin haƙa ya ratsa wannan shimfiɗa, mun buɗe ƙofa. In ba a rufe ta da kyau ba, gurɓataccen ruwa ya samu hanyar gangarawa, ko kuma na ƙasa mai ƙarfin tunkuɗa ya samu hanyar hawa inda bai taɓa zuwa ba. Mai ginin ba zai sani ba, ɗakinsa na nan da sanyinsa. Maƙwabcin da ke shan ruwan rijiya ne zai kwashi kashinsa a hannu.

Wanda yake ganin zuzutawa nake yi, ya nemi labarin Staufen, wani ƙaramin gari a jihar Baden-Württemberg da ke kudu maso yammacin Jamus. A 2007 aka haƙa ramuka 7, masu zurfin har mita 140, don ɗumama tsohon ginin majalisar garin. Ramukan sun ratsa wani dutse mai ɗauke da ma'adinin da ake kira anhaidirait, suka kai ga ruwa mai ƙarfin tunkuɗa a ƙarƙashinsa. Ba ko'ina rufin ya kama ba, ruwan ya bi gefen bututu ya hau. Shi kuwa anhaidirait in ya sha ruwa sai ya rikiɗe ya koma jifsam, ya kumbura da kusan kashi 60 cikin 100. Tsakiyar gari ta fara ɗagawa, kusan santimita 1 a wata a farkon lamarin, gidaje fiye da 250 suka tsattsage. An koma an sake ɗura wa ramukan kwaɓi, aka kafa famfuna masu janye ruwan don rage ƙarfinsa, tashin ƙasar ya ragu ƙwarai, amma an kwashe shekaru ana wannan fama. Ba ina cewa wani buhu na musamman zai hana irin wannan ba. Wuri mai irin dutsen nan, tun kafin a kunna inji ya kamata a san da shi. Abin lura dai shi ne duk wannan ɓarna ta bi ne ta 'yar tazarar da ke tsakanin bututu da bangon rami, wadda ba ta kai faɗin tafin hannu ba.

Yumɓun da muke aiki da shi bentonayit ne. Asalinsa tokar aman wuta ce da ta faɗa cikin teku miliyoyin shekaru da suka wuce, ta ruɓe ta zama yumɓu. Mafi shahara shi ne na jihar Wayomin a Amurka, mai sinadarin sodiyam. Ƙwayoyinsa falle-falle ne, sirara ainun, ruwa na kutsawa tsakaninsu ya ɓamɓare su, sai ka ga garin da ka zuba ya ninka kansa sau goma ko fiye. Akwai ɗan'uwansa mai kalsiyam, wanda ba ya kumbura haka, don haka ba kowane buhu da aka rubuta wa bentonayit ne ya dace da toshiya ba. Haka ma wanda ake kwaɓawa don ruwan haƙa, mai fito da dusar dutse daga rami, aikinsa daban. Tsinkakke ne, ba zai rufe komai ba. Na sha ganin an so a bar shi a ramin a ce ai an cike.

In na kirkin ya kama, ƙa'idar da aka fi bi ita ce kada ruwa ya ratsa shi da saurin da ya wuce kashi ɗaya cikin miliyan 10 na santimita a daƙiƙa. Na taɓa zama na lissafa don in gane abin da lambar ke nufi: kimanin santimita 3 ne a shekara. Ga shi kuma ba ya sandarewa kamar siminti, yana zama da laushinsa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin bututun roba ba ya zaune lafiya. Ruwan zafi ya bi ta cikinsa ya buɗe, na sanyi ya bi ya tsuke, shekara da shekaru. Yumɓu mai laushi yana bin sa duk inda ya yi. Abu mai tauri kuwa yana iya sakin jikin robar ya bar siririyar hanya, kuma ruwa ba ya raina hanya.

Ba a nan gizo ke saƙar ba. Kwaɓin da aka saba, buhu ɗaya mai kilo 22.7 ne a cikin lita 90 ko 91 na ruwa. Wato kashi 20 cikin 100 ne yumɓu, sauran duk ruwa. Ana auna iya isar da zafi da wat a kowace mita a kowane digiri. Ruwa na da 0.6. Kwaɓin bentonayit zalla na da kimanin 0.7. Dutsen da ke kewaye da ramin, in irin mai tauri ne kamar giranait, yana kai wa 3 ko kusa. Ka ga ke nan an haƙa dutse mai saurin ɗaukar zafi, sannan an naɗe bututun da abin da ke riƙe zafin. Sakamakon shi ne a ƙara mita, ko a ƙara ramuka, ko na'ura ta yi ta wahala.

Maganin da aka samo shi ne a cuɗa shi da abin da zafi ke gudu a cikinsa. Na farko yashin silika, wankakke, mai ƙwaya daidai wa daida. Ma'adinin kwaz da ke cikinsa ya haura 7 a wancan ma'auni. Ana iya zuba yashi har ninki takwas na nauyin yumɓun, sai kwaɓin ya tashi daga 0.7 ya doshi 2. Na biyu garin girafayit, baƙin abin nan na bakin fensir. Kaɗan daga cikinsa na yin aikin buhunan yashi da dama, yana iya haura 2.5, ga sauƙin ɗauka. Illarsa ga mai aiki ita ce duk wanda ya yini da shi, sai an kalle shi sau biyu kafin a gane shi.

Yashi na da nasa hali. Yana cinye famfo, yana cinye tiyo, kuma in aka ɗan tsaya ko kwaɓin ya yi ruwa-ruwa, sai ya kwanta ya toshe bututun ɗura a tsakiyar aiki. Daga nan shaiɗan ke shigowa. Wata rana na ga mai injin kwaɓi ya jawo tiyon ruwa yana ƙarawa a ɓoye. Na ce, "Malam, me ya faru?" Ya ce, "Yallaɓai, famfon ne ke kuka, na ɗan sassauta masa." Gaskiyarsa, famfon na kuka. Amma kowace lita da ya ƙara tana rage kaurin rufin, tana rage isar da zafin, tana kuma ba yashin damar rabuwa da yumɓun ya nutse. Sai ƙasan ramin ya zama yashi tsagwaronsa, wanda ruwa ke ratsawa yadda ya ga dama, saman kuma ya zama ruwan laka. Ban yi masa faɗa ba, don ba mugunta ba ce. Famfon ne bai dace da aikin ba. Irin wannan kwaɓi famfo mai turawa da fistin yake so, da injin kwaɓi mai filafilai da ke juyawa a hankali. Famfo mai wulwulawa da gudu yana dukan yumɓun ya sa shi kumbura tun yana waje, alhali so ake ya kai ƙasa tukuna.

Wani abin da nake hanawa shi ne a ɗebi yashin da aka tarar a wurin aiki a zuba. Ba a san yawan silikarsa ba, ba a san ƙurar da ke ciki ba. Lambar da injiniya ya yi lissafi da ita ta tashi a banza.

A nan zan faɗi ra'ayina, ko da masu sayar da kaya ba za su so ba. Tseren neman babbar lamba ya wuce gona da iri. Daga 0.7 zuwa 1.5 akwai riba ta gaske, ana ganinta a yawan mitar da za a haƙa. Daga 1.5 zuwa 2.5 ribar ta fara tsukewa. Dalili kuwa, zafin ba kwaɓi kaɗai yake ratsawa ba. Sai ya bi ta jikin robar, wadda ba ta wuce 0.4 ba, sannan bayan kwaɓin ga ƙasar kanta, wadda ita ce mai yanke hukunci, kuma ba wanda ya isa ya sauya ta. In ƙasar wurin busasshen yashi ce mai jinkirin ɗaukar zafi, ko zinariya ka ɗura wa ramin ba za ta cece ka ba. Sau da yawa 'yan maƙalai masu ware bututun biyu, su tura kowanne kusa da bangon rami, sun fi ƙarin buhun girafayit amfani. A manyan ayyuka ana fara haƙa rami ɗaya na gwaji, a tura masa zafi sananne na kwana biyu ko uku ba tsayawa, a ga yadda ƙasar ke sha. An fara yawo da irin wannan na'urar gwaji a tsakiyar shekarun 1990, a Jami'ar Luleå ta Suwidin da Jami'ar Jihar Oklahoma ta Amurka. Ita wannan ta biyun a nan aka kafa ƙungiyar masu sana'ar ta duniya, IGSHPA, a 1987. Gwajin na nuna halin ƙasar, yana kuma nuna yadda ramin kansa ke riƙe zafi, kuma a nan asirin kwaɓin banza ke tonuwa.

Bentonayit na da abokan gaba uku, kuma duk mai cewa yana rufe kowane rami bai daɗe a aikin ba.

Gishiri ne na farko, tare da ruwa mai nauyin kalsiyam. In ruwan kwaɓi ko na cikin ramin yana da su da yawa, fallayen nan ba sa buɗewa, sai su dunƙule, ruwa ya tsatso sama. Ruwa mai nauyi ana iya gyara shi da ɗan garin soda, wato sodiyam kabonet, kafin a zuba yumɓun, ba bayan an zuba ba. Ruwan gishiri kuwa sai dai a sauya dabara. Gwajina mai sauƙi ne: in kwaɓa kaɗan a bokiti da ainihin ruwan da za a yi aiki da shi, in ajiye, washegari in leƙa.

Na biyu bushewa. Duk wanda ya ga tafkin da ya ƙafe ya san yadda lakarsa ke tsattsagewa ta rabu gida-gida. Abin da ya kumbura da ruwa, in ruwan ya tafi dole ya koma. A ƙarƙashin matakin ruwan ƙasa babu wannan damuwa. Amma daga nan zuwa sama, inda ƙasar ke da ƙishirwa, tana tsotse ruwan kwaɓin a hankali. A jihar Nebraska ta Amurka an yi wani bincike da ya burge ni, wanda aka fara a 2001: sun gina rijiyoyi da bututu garai-garai da ake ganin bayansa, suka riƙa zura kyamara suna kallon halin da kwaɓin ke ciki. A busasshen ɓangaren sun ga tsagogi da gurabu a kwaɓin bentonayit mai ruwa da yawa, har suka zuba rini suka ga inda yake bi. Gutsattsarin bentonayit da ake zubawa a bushe su jiƙa a ciki sun fi riƙe kansu. Rijiyoyin ruwa da ramukan zafin ƙasa ciwonsu ɗaya a nan, sai dai namu ya ɗara, musamman a ginin da sanyayawa ta fi yawa: wata da watanni ana tura zafi cikin ramin, zafin kuma yana korar laima daga jikin bututun. In tsaga ta buɗe iska ta shiga, an yi asara biyu, don iska ba ta isar da zafi, ba ta kuma tare ruwa. Shi ya sa a sama nake son kwaɓi mai kauri, kashi 30 cikin 100 ko fiye, buhu ɗaya a lita 53 ko kusa. Yashi ma na taimakawa a nan, don yana rage tsukewa.

Na uku daskarewa, ciwon ƙasashen sanyi. In na'ura ta ja zafi da yawa har ruwan bututu ya sauka ƙasa da sifiri, ruwan da ke cikin kwaɓin ya zama ƙanƙara ya narke, ya sake, ya sake, sai ya farfasa shi. Jamusawa sun ɗauki wannan da muhimmanci a ƙa'idarsu ta VDI 4640, kuma kwaɓinsu yawanci gauraye ne na siminti da yumɓu da garin dutse.

Siminti dai ba baƙo ba ne a aikin. A ƙarshen shekarun 1990 Marita Allan ta cibiyar bincike ta Brookhaven a Amurka ta haɗa wani kwaɓi na siminti da yashi da ake kira Mix 111, mai isar da zafi kimanin 2.4, wanda bai cika tsukewa ba. Siminti ba ya tsoron bushewa kamar yumɓu, amma yana fitar da zafi lokacin da yake kamawa, yana da nauyi, kuma in ya tsage ba ya haɗewa. A Suwidin kuwa, inda ƙasar dutse ce mai tauri, yawancin ramukan ba a ɗura musu komai. Ana kafa bututun ƙarfe a sama a liƙe shi da dutsen, sauran ramin ruwan ƙasa ne ke cika shi. Dutsensu ne ya ba su wannan dama. Wanda ya kwaikwaye su a ƙasa mai hawa-hawan ruwa ya ɗebo ruwan dafa kansa.

Duk wannan bayani, rabin matsalolin da na gani ba daga buhu suke ba, daga yadda aka ɗura ne. Ba a tsayawa a bakin rami a kwarara kwaɓi daga sama. Zai maƙale a wata ƙusurwa ya yi gada, ƙasansa fanko, samansa kamar an cika. Ana zura bututun ɗura na uku tare da na zafin har gindin rami, a turo kwaɓin daga ƙasa yana hawa, yana koro ruwa da taɓon haƙa a gabansa. In za a riƙa janye bututun ɗurar, bakinsa ya kasance a nutse cikin kwaɓin koyaushe. Ba a tsayawa don an ga abu ya fito a sama. Na farkon fitowa gauraye yake da ruwan rami. Sai wanda ke fitowa ya yi nauyi ɗaya da wanda ke shiga, kuma da sikelin laka ake tabbatarwa, ba da ido ba. Kafin duk wannan, a cika bututun zafin da ruwa a toshe bakinsa. Fanko in ya shiga kwaɓi mai nauyi tasowa yake, a rami mai zurfi ma yana iya lotsewa.

Sai lissafi, wanda ko a bayan buhu ana iya yin sa. Rami mai faɗin milimita 150 da zurfin mita 100 yana cin kimanin lita 1,770. A cire gurbin bututu biyu, lita 160. Saura kusan lita 1,600. In ɗan kwangila ya ce ya cika ramin da lita 900, akwai inda babu komai. In ya sha 2,500 bai cika ba, dutsen na da tsaga yana shanyewa, kuma ci gaba da turawa ba dabara ba ce. Sai a tsaya a toshe wurin da abu mai kauri tukuna. Nakan sa a tara mini buhunan da aka zazzage a gefe ɗaya kada a ƙone su, mu ƙirga tare da yamma. Wasu na jin haushin haka, suna ganin rashin yarda ne. Washegari kuma sai an dawo an leƙa, domin kwaɓin kan sauka da mita ɗaya ko biyu cikin dare, a ƙara masa kafin a binne kan ramin.

Abin da ya daɗe yana damuna shi ne duk waɗannan shaidu ne na nesa: ƙirgar buhu, nauyin kwaɓi, maganar mai aiki. A Baden-Württemberg, bayan abin da ya faru a Staufen, an tsaurara dokar haƙa, aka kuma fara amfani da kwaɓin da aka barbaɗa wa garin ma'adinin maganadisu. Bayan an gama, sai a zura 'yar na'urar awo ta cikin bututun zafin kanta, tana sauka tana jin maganadisun da ke bayan robar. Inda akwai kwaɓi ta nuna, inda babu ta nuna, mita bayan mita, kuma ana iya maimaita awon bayan shekaru. Tana faɗin ko kwaɓin na wurin, ba ta faɗin ko ruwa na ratsa shi, don haka bokitin gwaji da sikelin laka suna nan daram a cikin kayan aikina.